Kalangun da Baba ya bar mini

'Yata ce ke rubuta wannan. Ni ina faɗa, ita tana dannawa a wayarta, in na yi sauri ta ce, "Baba, dakata mini." Ta fi shekara tana roƙona in ba da labarina, ina ce mata wa zai tsaya sauraron makaɗin kalangu, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa tsaye a bayan wani. Abin da ya sa na amince wani baƙo ne da na yi bayan Babbar Sallar da ta wuce. Zan zo kansa, amma bari in faro daga kwata, don daga can komai ya taso.

An haife ni a wani ƙauye na ƙasar Bakori, ba nisa da Funtua. Inna ta ce ina da damina biyu aka ba da mulkin kai, wato wajen 1958 ke nan. Mahaifina makaɗin mahauta ne, haka ubansa, haka kakansa. A ƙasar Hausa ta da, kowace sana'a da kiɗanta: manoma da gangar noma, maƙera da dundufa, maharba da komo, fada da tambari da kakaki da taushi da kotso. Kalangu kuwa na rundawa ne, wato mahauta. 'Yan mata sun yi rawa da shi a dandali, 'yan dambe sun shiga fage da shi, amma gidansa na asali wurin da ake yanka.

Ranar kasuwa Baba kan tashe ni tun assalatu, kafin rana ta fito muna kwata. Da an kayar da sa an yanka, sai ya gyara rataya, ya sa kalangu a hammata ya fara. Babu lasifika a lokacin, rediyo ma sai gidan dagaci, don haka kalangun nan shi ne shela. Matar da ke cikin kulle a ƙarshen gari tana jin sa ta san an yi yanka, ta san na wane ne, har ta san ko mai kitse ne, domin Baba ba ya yi wa ramammiyar saniya kiɗan mai kitse ko da mai ita zai yi fushi. Can sai ka ga yara sun ɓullo da kwanoni. Ladanmu nama ne. Wannan ya yanko tsoka, wancan ya miƙo kayan ciki, Sarkin Fawa ya ce a ajiye mana ƙafa. Akwai shekarun da rumbunmu ya ƙare tun gero bai yi kai ba, amma tukunyar Inna ba ta taɓa rasa romo ba.

Ina ɗan shekara bakwai ya rataya mini kuntuku, ɗan ƙaramin abin kiɗan nan da ake bugawa da 'yan sanduna biyu. Shekara uku ina kansa, bugu iri ɗaya nake maimaitawa daga hantsi har azahar. In na so in ƙara ado sai ya waiwayo ya dube ni, kallon kaɗai ya isa. Wata rana na fashe da kuka na ce na gaji, ni ma babban nake so. Ya tsuguna daidai tsawona ya ce, "Kai ne ƙasar da nake takawa. In ka motsa, na faɗi." Ban sake ƙorafi ba.

Kafin ya yarda in buga kalangu sai da ya koya mini ɗaure shi. Kangon, wato icen da aka fafe mai siririn ƙugu, na alilliba ne. Namu kakan Baba ne ya saya wurin masassaƙi, har ya yi baƙi ya yi santsi saboda gumin mutum uku. Fata kuwa ta ɗan akuya ake nema, marar kauri, wadda wuƙa ba ta ɓula ba, shi ya sa Baba kan tsaya a kan mai fiɗa da kansa. A jiƙa ta, a kankare gashin, a ɗora ta a bakin kango tana da danshi, a ɗinke. Sannan a zo aikin da ke cin rai, wato zura tsarkiya daga wannan baki zuwa wancan, ɗaya bayan ɗaya, kowace da jan da ya yi daidai da na 'yar uwarta. In ɗaya ta fi saura tauri, kalangu zai riƙa magana kamar mai mura. Akan jefa 'yan ƙananan tsakuwoyi a ciki kafin a rufe, su ne ke ba shi ɗan kaushin muryar nan. Da damina fata kan saki sai an kanga ta a wuta, da hunturu kuwa ta ɗame har ka ji tsoron kada gula, wato sandar kiɗan, ta fasa ta.

Sai kuma take. Nan ne ilimin yake, sauran duk aikin hannu ne. Baba ba ya bari in taɓa fata sai na faɗi maganar da baki. Yakan ce in faɗi kuka irin na yaro, in faɗi kuka ta miya, in saurari inda muryata ta tsaya a sama da inda ta faɗo. Abin da hammata ke yi ke nan: ka matse tsarkiya murya ta hau, ka sassauta ta sauko. Wanda kunnensa bai kama wannan ba, ko ya shekara ashirin yana bugu, ƙara kawai yake yi. Kowane mahauci a garinmu da ƙauyukan kewaye yana da takensa, kuma ba a rana ɗaya ake ƙera shi ba. A ciki akwai sunan uba, akwai na kaka, akwai garin da suka taso, wani lokaci har da wata bajinta da kakan ya yi wadda jikan bai san labarinta ba sai Baba ya ba shi. Guda 67 na karɓa daga bakinsa. Na san adadin domin da tsakuwa ya sa nake ƙirgawa a cikin wani ƙoƙo.

Abin da take ke yi wa mutum, a wasan hawan ƙaho na fara ganinsa. Ranar jajibirin sallah ake yi. A ɗaure bijimi da igiya, a zaga gari da shi, samarin rundawa suna faɗawa tsakanin ƙahonninsa su rungume wuya. Wata shekara aka kawo wani jan bijimi da mutum huɗu suka kasa tsayarwa. Akwai wani saurayi da ubansa ya yi suna a wannan wasa kafin ya rasu, jama'a suka yi ta ihu a yi masa take. Baba ya fara. Ina dab da shi, na ga yaron ya fito fili, na ga gwiwarsa tana rawa, leɓensa ya bushe. Da Baba ya ƙara bugu uku, wallahi sai ya faɗa, don babu ɗan rundawan da zai ji taken ubansa a gaban 'yan mata ya ja da baya. Kawai sai na ji kiɗa ya juya. Baba ya saki taken ya koma kiɗan rawa, ya taka zuwa inda 'yan mata suke, wuri ya ruɗe da guɗa, aka manta da yaron. A hanyar gida wani dattijo ya tare shi yana faɗa, wai ya ɓata wasa. Baba bai tanka ba. Sai da muka shiga zaure ya ce da ni, "Shi kaɗai uwarsa ke da shi."

Farin 1973 ya taɓa mu ta inda ba mu zata ba. Da fari nama ya yi arha har ya rasa mai saye, don Fulani da Buzaye suna ta koro ramammun shanu daga arewa suna sayarwa kafin su mutu a hannunsu. Daga baya shanun suka yi wuya, kwata ta koma akuya ɗaya ko biyu. A shekarar ne kuma fam da sule suka tafi, naira ta zo. Makaɗa biyu sun yi wa ƙaramar kwata yawa. A 1975, lokacin da kuɗin Udoji suka cika hannun ma'aikata, wani mawaƙi ya ji ni a wajen biki ya aiko a roƙi Baba ya ba shi ni. Baba ya kwana uku bai ce uffan ba. Rana ta huɗu ya ɗaura mini sabon kalangu ya ce, "Je ka, Allah ya tsare. Amma kada ka buga abin da ba za ka iya faɗa wa mutum da bakinka ba." Ban riƙe wannan wasiyya yadda ya kamata ba, kuma zan faɗi inda na saɓa.

Funtua ta wancan zamani sai wanda ya gani. Garin auduga ne, ga injin gurza, ga jirgin ƙasa mai wucewa Gusau da Ƙauran Namoda, ga direbobin manyan motoci masu kwana a tasha. Da kaka, in manoma sun karɓi kuɗin auduga, gari ba ya barci sai an kusa kiran assalatu. A cikin gidaje, inda mu maza ba ma shiga, Barmani Choge da ƙoranta ke riƙe da bikin mata. A waje kuwa garin Alhaji Mamman Shata ne. Ban taɓa yi masa kiɗa ba, kada wani ya ɗauka haka. Na dai sha tsayawa cikin taro ina kallo, kuma idona a kan hannun makaɗansa yake. Shi ne ya ɗauko kalangu daga kwata da dandali ya kai shi gaban sarakuna da gwamnoni, har ƙasashen waje. Ranar da na ji a rediyo Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, a 1988, takanas na hau mota na je na gaya wa Baba. Ya yi shiru, ya miƙa hannu ya shafa tsohon kangon nan da ke gefensa, ya ce, "To, kalangu ya shiga jami'a."

Mu tara ne a wajen maigidana: shi, makaɗa huɗu, 'yan amshi uku, da sanƙira mai shelar kyauta. In an tashi wasa sai a shimfiɗa tabarma a juye kuɗin liƙi. Maigida ya ɗauki rabi, a cire na mota, abin da ya rage mu takwas mu raba. Riga da agogo da rediyo, balle mota ko kujerar Makka, waɗannan nasa ne sai abin da ya ga dama ya bayar. Ban kira wannan zalunci ba, haka tsarin yake, kuma shi ake gayyata. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. An ɗauki wasanmu, kaset ya bazu, na riƙa jin hannuna yana tashi a rumfunan kasuwa daga Zariya har Maraɗi. Masu kwafa sun ci, masu sayarwa sun ci, ni ko sisi, kuma a jikin kaset ɗin babu sunan ko ɗaya daga cikinmu. Na taɓa tsayawa gaban wani mai kaset na ce, "Malam, ni ne ke wannan kiɗan." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce in zan saya in saya.

A 1978, shekara guda bayan bikin FESTAC, Hausawan Agege suka gayyace mu. Muka hau jirgi daga Zariya, muka bi Kaduna da Minna, muka haye Kwara a Jabba, muka wuce Ilori. A unguwar Sabo ta Badun, wato Ibadan, muka yada zango, nan na haɗu da wani Bayarabe mai kalangu irin nasu, wanda suke kira gangan. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, amma mun fi sa'a guda muna ba juna amsa da fata, jama'a sun kewaye mu.

Washegarin wasanmu a Agege na tafi mayanka neman fata, kalanguna a kafaɗa. Wani dattijo yana daddatsa ƙashi ya ji maganata ya ce, "Yaro, daga ina?" Na faɗa masa. Ya ajiye gatari ya ce ɗan wane ne ni. Da na ambaci Baba sai ya faɗi sunan nasa uban. Ina jin sunan na ji tsigar jikina ta tashi, don yana cikin tsakuwoyin ƙoƙona. Ban ce masa komai ba, na gyara rataya na buga. Ban kai ƙarshe ba dattijon nan ya zauna a ƙasa, cikin jini da ruwan kwata, ya rufe fuska da hannu biyu. Sauran mahauta suka tsaya cak da wuƙaƙensu. Da ya samu kansa ya ce shekara 22 rabonsa da jin wannan, tun ranar da ya baro gida da fushi bai koma ba. Ya sa na maimaita sau uku. Ya shiga rumfarsa ya ɗauko rigar da yake zuwa Juma'a da ita ya ba ni. Ita ce riga ta farko da aka ba ni a kan hannuna, ba ta hannun maigida ba.

Da na dawo na ji ni ma na isa mutum, na nemi aure. Yarinyar tana so na, ni ma haka, uwarta ba ta ƙi ba. Da manyana suka je, kawunta ya ce, "Mu ba ma ba maroƙi 'ya." Mutumin nan ni na yi masa kiɗa ranar da ya ƙara aure, ya yi rawa har hularsa ta faɗi, ya liƙa mini kuɗi a goshi da hannunsa. Mun isa mu sa shi farin ciki, ba mu isa mu haɗa jini da shi ba. Na yi wata biyu ba na cin abincin kirki. Daga baya Baba ya nema mini 'yar wani abokinsa mai gangar noma, ita ce uwar 'ya'yana. Allah ya saka mata da alheri, ta riƙe gida shekaru ina yawon duniya, ba ta taɓa yi mini gorin sana'ata ba. Amma maganar kawun nan ta shiga ta zauna, kuma ta yi ɓarna a gaba.

Yanzu inda na saɓa wa Baba. Akwai wani mai awon hatsi da bai ba maigida abin da ya sa rai ba, aka shirya masa zambo. Maigida bai ambaci sunansa ba ko sau ɗaya. Ni ne na ambata, da kalangu. Na ɗauki taken mutumin na karkace shi ya koma abin dariya, duk wanda ke wurin ya gane. An yi mini liƙi a daren nan yadda ba a taɓa yi ba. Kafin mako yara suna bin sa da shi a kan titi, suna tsokanar 'ya'yansa a makaranta. Shekara ba ta zagayo ba ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Labari ya kai wa Baba. Da na je gida na durƙusa na gaishe shi, ya juya mini baya, sai da na kwana biyu sannan ya yi mini magana. Abin da ya ce shi ne, "Amana aka ba ka, sunan ubansa ne." Bayan shekaru na bi sawun mutumin don in roƙi gafara, na tarar ya riga mu gidan gaskiya. Har yau ba na sallah in tashi ban sa shi cikin addu'a ba. Masu cewa a sana'armu akwai ɓarna ba ƙarya suke yi ba. Na yi wasa a wuraren da ake shan giya, na ga yabon da aka yi wa wanda bai cancanta ba don yana da abin hannu. Ba zan ɓoye wannan don in gyara labarina ba.

Baba ya rasu a 1990, da sanyin hunturu. Allah ya sa ina gida. Kwana biyu kafin nan ya sa aka fitar da kowa daga ɗakin ya ce in zauna. Ba shi da ƙarfin jin ƙarar kalangu, sai ya ce in buga a cinyata da tafin hannu, in riƙa faɗa da baki. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, duka 67. Na yi kuskure a huɗu, ya gyara mini da ɗan yatsa a kan tabarma. Da muka gama ya nuna kangon kakansa ya ce in ɗauka. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Daga nan abubuwa suka fara zamewa. Maigidana ya tsufa, ƙungiya ta watse. Fiyano ta shigo tare da finafinan Hausa, yaro ɗaya a situdiyo yana fitar da sautin mutum tara, har da na kalangu, ko da yake duk mai kunne ya san wannan kalangun ba ya numfashi. Gidan biki suka koma ɗauko mai lasifika. Manya kuma suna ta tafiya: Alhaji Musa Ɗanƙwairo a 1991, Shata a 1999 aka kai shi Daura, daga baya Barmani a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Kwata ma ta daina neman makaɗi, mahauci yana da waya.

A shekarar 2000, lokacin da aka ƙaddamar da shari'a a jihohin Arewa har da tamu Katsina, wa'azi a kan kiɗa ya yi ƙarfi. Babu wanda ya zo ya hana ni. Ni da kaina na rataye kalangu a bayan ƙyaure, na koma awon masara a kasuwar Dandume. Tsoron Allah yana ciki, ba zan musa ba, amma kunya ta fi yawa. Ba na so a ce wa 'ya'yana 'ya'yan maroƙi. Babban ɗana yana ƙarami ya taɓa ɗauko gula yana buga ƙwarya, na ji hannunsa yana da kyau, na ƙwace na daka masa tsawa. Yanzu tela ne, ƙanensa yana jan Keke Napep, Alhamdu lillahi suna cin halal ɗinsu. Amma cikin maza huɗu da na haifa babu wanda ya san take ko ɗaya, kuma ni na hana su.

Na taɓa samun wani malami da nake ganin girmansa, bayan sallar isha'i da kowa ya watse, na ce, "Allah gafarta Malam, ina matsayina? Da wannan abu aka ciyar da ni, da shi na ciyar." Ya ce malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun da daɗewa, akwai masu tsanantawa akwai masu sassautawa, shi ba zai yanke mini abin da manyansa ba su haɗu a kai ba. Amma ya ce ƙarya da cin mutunci da zama inda ake saɓon Allah, waɗannan babu saɓani a kansu. Ya tambaye ni ko na ci mutuncin wani. Na ba shi labarin mai awon hatsi. Ya ce to wannan shi ne abin da zan yi ta neman gafara a kai, in yi wa mamacin sadaka. Na koma gida zuciyata ta ɗan yi sanyi, amma ban sauko da kalangu ba. Da rashin tsaro ya zo ya mamaye yankinmu, su Faskari da Sabuwa da Dandume, taron dare ma gaba ɗaya ya mutu. Ɓera ya cinye fatar, tsarkiya ta bushe ta kakkarye.

Sai baƙon nan. Kwana uku bayan Babbar Salla aka yi sallama, na fito na ga saurayi da jaka a baya, Hausarsa da ɗan karkacewar mutanen Ikko. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ku ne kuka je Agege da kalangu?" Na ce an yi haka, da daɗewa. Ya ce shi jikan dattijon nan ne na mayanka. Kakan ya rasu tun yana firamare, amma ya sha ba su labarin yaron da ya zo daga gida ya kira masa ubansa. Ashe bayan tafiyata da shekara ɗaya ya shirya ya zo gida ya sasanta da 'yan uwansa, ni ina can ina yawo ban sani ba. Yanzu saurayin ya zo ganin dangi, ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidana. Ya ce an haifa masa ɗa namiji, ya sa masa sunan kakan, yana so yaron ya tashi da abin da ake kiran gidansu da shi.

Na ce masa kalangu ya mutu. Ya ce zai jira.

Kwana tara aikin ya ɗauke ni. Fata ba ta yi wuya ba, wani mahauci da ya san Baba ya fiɗe mini da kansa, ya ƙi karɓar kuɗi. Tsarkiya ce sai da na je Funtua na samu wani tsohon baduku ya yanka mini. Yatsuna sun yi tauri, idona ba kamar da ba, na zura na kwance ya fi sau biyar. Ranar da ya bushe na sa shi a hammata a tsakar gida, shekara ashirin da wani abu rabona da haka. Na ji tsoron kada in nema in rasa. Na rufe ido na faɗi maganar da baki tukuna, yadda Baba ya koya mini, sannan na ɗaga gula. Hannu bai manta ba. Saurayin yana riƙe da waya yana ɗauka, hannunsa na rawa. Da na gama ya ce in fassara masa, na bi masa gaɓa-gaɓa: wannan sunan kakan kakanka ne, wannan garin da ya taso, wannan kuma ranar da ya tare saniyar da ta ɓalle a kasuwa ta nufi mata masu fura. Bai taɓa jin labarin ba. Matata tana tsaye a ƙofar madafa, ta rangaɗa guɗa, da tsufanta.

Ban ankara ba ashe jikana, ɗan babban ɗana, yana zaune a gindin turmi. Shekararsa tara. Da baƙo ya tafi ya matso ya ce, "Kaka, namu fa? Mu ba mu da shi?" Na ce muna da shi. Na buga masa na Baba. Ya ce in sake. Uban yaron yana zaure yana ji, bai ce komai ba, amma da yamma ya aiko mini da sabuwar rataya da ya ɗinka da kansa.

A daren na ɗauko ƙoƙo na zuba tsakuwa na fara ƙirga. Cikin 67, guda 41 na samu cikakku. Goma sha ɗaya ina da kai babu gindi. Sauran na neme su na rasa, kuma duk wanda zan tambaya yana ƙasa. Wani lokaci ina kwance sai ɗaya ya faɗo mini, in tashi in tayar da 'yata ta ɗauka tun bai gudu ba. Yanzu kullum bayan la'asar muna ɗaukar uku: in faɗa da baki, in buga, in ba da labarin mai shi. Jikana na sassaƙa masa kuntuku da ƙaramin ƙoƙo, shi ke riƙe mini ƙasa. Jiya ya so ya ƙara ado, na waiwaya na dube shi. Gobe in Allah ya kai mu za mu shiga na mutanen unguwar gabas, gidan tsohon Sarkin Fawa, su bakwai ne.